Darasi na 9: Daidaita Adon Gida Tun Daga Zaure Har Ƙuryar Ɗaki

Duk wanda ya saba shiga gidajen mutane, ko don gaisuwa, ko don biki, ko don ta'aziyya, ya san cewa akwai gidan da tun daga zaure zuciya take samun natsuwa a cikinsa, ko da abin da ke ciki bai wuce tabarmi da randa da 'yan kujeru ba. Akwai kuma gidan da aka zuba wa dukiya mai yawa, aka cika shi da kaya masu tsada, amma ido ya rasa inda zai sauka, baƙo ya zauna a takure har ya yi sallama ya tafi. Idan aka bincika dalilin wannan bambanci, sai a tarar cewa a gida na farko ɗakuna da kayan da ke cikinsu sun dace da juna, akwai munasaba tsakanin daɓe da bango da shimfiɗa, da tsakanin zaure da tsakar gida da ɗakin kwana, alhali kuwa a gida na biyu kowane abu an saye shi ne shi kaɗai, a ranarsa, saboda ya yi kyau a shagon mai sayarwa, ba tare da an tuna da abin da zai je ya tarar a gida ba. Wannan dacewa ita ce abin da za mu karanta yau, kuma ilmi ne da mai ɗaki ɗaya na haya yake bukata kamar yadda mai bene yake bukatarsa. Talaka ma ya fi bukata, domin shi idan ya yi kuskure wajen saye ba shi da halin sakewa.

Abin da magabata suka bari

Magina na dauri ba su sha wahalar wannan al'amari kamar yadda muke sha ba, domin kayan aikinsu duka daga wuri ɗaya suke fitowa. Ƙasar da aka haƙa a kududdufin unguwa ita ake kwaɓawa a yi tubali, da ita ake yaɓe, da ita kuma mata suke daɓe ɗaki, suna bugu da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, har daɓen ya yi santsi, ya yi duhu-duhu yana sheƙi. Azarar rufi daga giginya take, wadda gara ba ta cin ta da sauƙi; laso na kare bango daga ruwan sama kuwa da katsin marina ake haɗa shi, da gashin jima na majema, da dafara; launi bai cika wuce farar ƙasa da jar ƙasa da baƙi da shuɗi ba. Saboda haka, ko magini ya yi nufi ko bai yi ba, zaure da shigifa da turaka da ɗakunan mata sukan fito da kama ɗaya, kuma tabarmar kaba da ƙwarya da faifai da buzu da za a shigo da su daga baya, su ma daga itatuwan ƙasar da dabbobinta suka fito, ba yadda za a yi su ƙi jituwa da bangon.

Amma kada a ɗauka cewa ƙarancin kaya kaɗai ya ba su wannan, domin akwai hikima da suka sani, suka kuma gadar wa 'ya'yansu. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, bai tara siffofi barkatai a cikin ginin ba; baka ya ɗauka, irin wanda magina ke kira bakan gizo, ya yi ta maimaita shi daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, yana faɗaɗa shi nan, yana ɗaga shi can, har wanda ya tsaya a ƙarƙashin rufin ya gan shi duka kamar abu guda. Haka abin yake a ɗakunan Gidan Makama na Kano, wanda yanzu gidan tarihi ne da kowa zai iya shiga ya gani da idonsa, haka a tsofaffin gidajen unguwar Birni ta Damagaram, haka kuma a masallacin Yaama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya kuma sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Abu na biyu da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne cewa ba su watsa ado ko'ina ba. Sukan tara shi a fuskar zaure, da kewayen ƙofa, da jikin baka, wani lokaci su manna tasa ko farantin langa a tsakiyar rufi inda bakunan suka haɗu, sa'an nan su bar sauran bango fili, domin ido ya sami inda zai huta kafin ya kai ga wani adon.

Yau kuwa al'amari ya juya. Tayil yana zuwa daga Sin da Sifen da Italiya, kujeru da labule daga Turkiyya da Dubai, fenti ya fi launi ɗari, kuma wanda ya shiga Kantin Kwari neman yadin labule zai ga abin da zai ɗimauta shi. Wannan yalwa ni'ima ce daga Allah, ba mu ƙi ta ba. Sai dai abin da ƙasa take yi wa kakanninmu kyauta, mu dole mu yi shi da niyya da shawara da awo.

Hannuwa da yawa a gida ɗaya

Akwai wani dalili da ya keɓanta da mu, wanda ya kamata mu daɗe a kansa. Bisa al'adarmu, miji ne ke gina ɗaki ko ya kama haya, shi ke daɓe, shi ke fenti. Iyayen amarya ke sayen gado da katifa da kabad da kujeru da labule da kayan kicin. Ranar jere kuma gwaggwanni da innoni da yayyen amarya su zo su shirya kayan yadda suka ga ya dace. Hannu uku ke nan a kan ɗaki ɗaya, kuma galibi ba wanda ya tambayi wani, saboda kunyar da ke tsakanin surukai. Sai ka ga ango, don farin ciki, ya sa an shafe bango da kore shar, iyaye kuwa sun riga sun biya kuɗin jajayen kujeru da labule ruwan hoda. Motar kaya ta iso bayan la'asar, kabad ya ƙi shiga ƙofa, a nemo kafinta ya kwance shi a tsakar gida da hasken tocila, da aka ɗaura shi a ciki kuma ba inda zai zauna sai jikin taga, ya toshe ta. Amarya za ta shekara goma a ɗakin nan cikin duhu da zafi, alhali ba wanda ya nufe ta da sharri, kowa alheri ya yi niyya.

Maganin wannan mai sauƙi ne, kuma bai taɓa kunya ba ko kaɗan. Da zarar an sa rana, dangin amarya su aiki mace ɗaya mai hankali, da tef na awo da takarda, ta je ta auna tsawon ɗaki da faɗinsa, da faɗin ƙofa da tsayinta, ta rubuta inda taga take da inda soket yake, ta duba launin daɓe. Ango kuma, idan bai san abin da za a kawo ba, ya bar bango fari ko ruwan madara, domin waɗannan ba su ƙin kowane kaya. Tsofaffinmu masu jere sun san ƙa'idar dacewa tun ba yau ba: tun zamanin ƙwarya, har aka koma tasa, aka koma kwanon langa, aka zo ga tangaran da kuloli, kullum jere mai kyau shi ne wanda aka ɗauki zane ɗaya aka bi shi, babba a ƙasa, mai bi masa a kansa, har zuwa ƙarami a sama. Abin da ake bukata shi ne a fitar da wannan sani daga cikin kabad a shimfiɗa shi a kan ɗakin duka, sa'an nan a kan gidan duka.

Gidan da ke da mace fiye da ɗaya yana da nasa hukunci. Kayan ɗaki mallakar mace ne, ba ya halatta miji ya tilasta wa uwargida da amarya su sayi labule iri ɗaya, kuma ba abin so ba ne ma, domin kowace tana da haƙƙin ɗakinta ya nuna halinta. Amma abin da ke wuyan miji, wato daɓe da fenti da ƙyaure da taga da silin da fanka, lalle ne ya yi shi iri ɗaya a kowane ɗaki. A nan kyau da adalci sun haɗu a hanya ɗaya, domin wanda ya sa wa ɗakin amarya tayil ya bar na uwargida da fasasshen siminti ya ɓata siffar gidansa, ya kuma ɗauki alhakin da za a tambaye shi.

Asali da reshe

Malaman fiƙihu sukan raba mas'aloli zuwa asali da reshe, su ce reshe yana bin asalinsa, kuma wannan rabo yana da amfani ƙwarai ga mai shirya gida. Asali shi ne abin da yake da wuyar sakewa kuma yake ratsa gidan duka: daɓe, da bango, da silin, da ƙofofi, da tagogi da ƙarafansu. Reshe shi ne abin da ake iya ɗagawa a sake cikin yini ɗaya: labule, da zanin gado, da rigar matashi, da darduma, da abin da ake ratayawa a bango. Ƙa'idar ita ce a haɗa kan asali, a saki reshe. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su sa wa kowane ɗaki tayil dabam da fenti dabam, sa'an nan su yi ta wahalar neman labulen da zai sulhunta abin da suka raba.

A fara da daɓe, domin shi ne abin da ƙafa da ido suke bi daga ɗaki zuwa ɗaki ba yankewa. Idan tayil za a sa, a zaɓi iri ɗaya ga falo da baranda da ɗakunan kwana, mai launi marar hayaniya, kamar ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, domin fari fat yana tona kowace ƙura, baƙi kuma haka. A saye shi gaba ɗaya, a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda yanka da fashewa, domin wanda ya koma kasuwa bayan wata shida neman ciko sau da yawa yakan tarar irin ya ƙare, ko launin ya ɗan bambanta. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi ya ɗan haura murabba'in mita 13, don haka a sayi abin da ya kai 15. Makewayi da kicin da tsakar gida su ne kaɗai ya wajaba a bambanta, a sa musu mai kaushi, domin tayil mai sheƙi idan ya jiƙe da ruwan alwala yana kayar da tsoho da mai ciki da yaro, kuma babu kyan da ya kai a saye shi da karayar ƙugu. Wanda ba shi da halin tayil kada ya ji ƙasƙanci. Siminti da aka goge da kyau, ko leda iri ɗaya a ɗakunan duka, ya fi tayil kala biyar kyan gani.

Ƙofofi da tagogi ba su bukatar dogon bayani: kafinta ɗaya ko mai walda ɗaya, zane ɗaya, launi ɗaya, mariƙi iri ɗaya.

Launi

A nan ne aka fi yin kuskure, a nan ne kuma gyara ya fi araha. Magidancin da zai yi ɗinkin salla ba ya yanko riga daga wannan yadi, 'yar ciki daga wancan, wando daga wani. Yadi ɗaya yake saye, ya zaɓi zaren aikin da ya dace da shi, sa'an nan ya nemi hula wadda a cikin zanenta akwai ɗan launin zaren, ita ce kuma yake sakewa gobe idan ya so. Haka gida yake. Masu sana'ar adon gida suna da wani ma'auni da suke koya wa almajiransu, cewa launi uku sun isa: na farko ya ɗauki kamar kashi 60 cikin 100 na abin da ido ke gani, shi ne na bango, na biyu kashi 30, shi ne na kujeru da katako, na uku kashi 10, shi ne mai ƙarfi, wanda ake ɗiga shi a matasai da darduma da 'yan kayan ado. Ba wahayi ba ne, ana iya ƙarawa ana iya ragewa, amma wanda ya riƙe shi da wuya ya ɓata.

Yadda za a ratsa gida da wannan ma'auni kuwa shi ne a bar launi na farko da na biyu su zama ɗaya a ko'ina, na uku ya riƙa sauyawa. Misali, bango ruwan madara tun daga zaure har ƙurya, katako duka ruwan zuma mai duhu, sa'an nan falo ya ɗauki shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, ɗakin uwargida ya ɗauki ja mai duhu, na yara ya ɗauki kore. Kowane ɗaki ya sami fuskarsa, amma wanda ya tsaya a tsakar gida ya hango su ta ƙofofi zai san 'yan gida ɗaya ne. Kuma a ƙasa mai zafi irin tamu launi mai haske ya fi maslaha ga bango, domin yana mayar da haske, yana sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi, yana kuma rage bukatar kunna fitila da rana.

Kafin a sayi bokitin fenti, a sayi kaɗan a shafa a bango faɗin faifai biyu, a bar shi ya bushe, a dube shi da hantsi, a dube shi da la'asar, a dube shi da dare a hasken fitila, domin launi yana sauyawa da sauyin haske, kuma abin da aka gani a ɗan katin mai shago yakan fi ƙarfi idan ya mamaye bango. Idan gindin bango yana jiƙa da damina har fenti yana ɓarewa yana fitar da farin gari, a gyara hanyar ruwa tukuna, in ba haka ba kuɗin fentin asara ne. A kuma tambayi mai sayarwa fentin mai wanda babu dalma a cikinsa, domin dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, su kuwa yara suna ɓantarar bango su kai baki.

Awo kafin saye

Bari mu yi lissafi tare, tun da mun koyi tarawa da ɗebewa. Ɗakin nan mai ƙafa 12 ta kowane gefe, idan aka sa masa gado mai ƙafa 6 da 6, gadon da allon kansa zai ci kusan ƙafa 7 na tsawon ɗakin. Kabad a bangon da ke fuskantarsa zai ci ƙafa 2. An tara 9, saura ƙafa 3, kuma ƙafa 3 ita ce gwargwadon abin da mutum yake bukata ya wuce a sake, ya kuma buɗe murfin kabad. Ke nan ɗakin ya cika. Duk wanda ya ƙara masa doguwar kujera da teburin tsakiya ya hana mai ɗakin wurin shimfiɗa dardumar salla. Wannan lissafi na minti biyar da an yi shi kafin zuwa wurin kafinta, da an tsirar da kuɗi mai yawa, da kuma an huta da ɓacin rai mai tsawo. Girman kaya ya bi girman ɗaki, daidai ruwa daidai tsaki. Kujerun da aka ƙera don falon mai mulki idan suka shiga falon ma'aikaci sai su cinye shi, su bar mutanen gida suna rakuɓewa.

Haka kuma tsayi. Mu mutane ne masu zama a ƙasa, a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke karatu, a ƙasa tsofaffinmu suka fi sakewa, don haka falon da aka kewaye da kujeru ba a bar fili a tsakiya ba ya saɓa wa rayuwar masu shi. A bar tsakiya a buɗe, a shimfiɗa darduma babba guda ɗaya, a ajiye tumtum biyu ko uku, agogo da abin da za a rataya kuma kada a kai su can kusa da silin inda sai an ɗaga wuya.

Haske da ƙura

Ƙwan lantarki galibi iri biyu ne a kasuwa, kuma lambar tana rubuce a jikin kwalin: mai 2700K ko 3000K haskensa ja-ja ne mai taushi, mai 6500K kuwa fari ne tas. Na farko ya fi dacewa da falo da ɗakin kwana, na biyu da kicin da wurin karatu ko ɗinki. Abin da ba shi da kyau shi ne a gauraya su a ɗaki ɗaya, domin bango ɗaya zai fito da launi biyu. Labule kuma a ɗinka shi da yalwa, faɗin yadin ya kai ɗaya da rabi ko ninki biyu na faɗin taga, wato taga mai ƙafa 4 tana son yadi mai ƙafa 6 zuwa 8, kuma sandunan ratayawa su zama iri ɗaya, a tsayi ɗaya, a gidan duka.

Sai dai duk shirin da bai yi la'akari da hunturu ba, shirin wata ƙasa ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana shiga ta kowace kafa, kuma kafet da aka manne daga bango zuwa bango, da labule mai nauyi hawa uku, da furannin roba, da kujeru masu sassaƙa mai lunguna, duk matattarar ƙura ce, mai wahalar da mai shara, mai tayar da asma da tarin yara. A ra'ayina darduma da za a iya naɗewa a kaɗe a waje ta fi kafet ɗin da aka manne nesa ba kusa ba, kuma labulen da mace ɗaya za ta iya saukewa ta wanke ta mayar ya fi wanda sai an kira ma'aikata. Gidan sauro ma a yi masa wuri tun farko, a kafa masa maratayi daidai kusurwoyin gado, maimakon a bi bango da ƙusoshi da igiyoyi bayan an gama fenti.

Sutura da ibada

Dukan abin da muka faɗa yana ƙarƙashin wata manufa da ta fi shi girma, domin gidan Musulmi wurin sutura ne da ibada kafin ya zama wurin kallo. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, ta kuma ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya. A kan wannan ladabi magabata suka tsara gidajensu: ƙofar zaure ba ta kallon ƙofar shigifa, ta shigifa ba ta kallon tsakar gida, baƙo yana da iyakarsa, kuma ado yana tafiya da wannan tsari, na zaure mai kamala da sauƙi, na ƙurya mai taushi da yalwa. Wanda yake zaune a gidan zamani, inda ƙofar waje take buɗewa kai tsaye cikin falo, yana iya mayar da wannan hikima da labule ko asabari ko allon katako da zai tsare hanyar ɗakunan iyali, a kuma yi shi da launin sauran katakon gidan don kada ya zama kamar abin da aka liƙa daga baya. A kowane ɗaki a san inda alƙibla take, a bar wurin a share, babu hoto a gabansa, babu madubi, da ɗan kanta a sama inda za a ajiye Alƙur'ani nesa da hannun yara.

Daga nan sai abu na ƙarshe, wanda yake ɗaure ɗakuna da juna a ɓoye, wato a zaɓi abu ɗaya na aikin hannu a riƙa maimaita shi. Yana iya zama fatar dukawan Sakkwato a tumtum na falo da matashin turaka, ko faifai masu launi da aka jera a bangon baranda aka kuma sa 'yan'uwansu a kicin, ko tiren tagulla na Bida, ko gwado da luru na masaƙa, ko zanen dagi a ƙyauren zaure da bakin labule. Ina jin takaici ƙwarai idan na ga an tura tasoshin kaka da ƙoren da aka yi wa zane ƙarƙashin gado, ko an sayar da su a kilo, aka maye gurbinsu da furen roba da zai koɗe kafin shekara, alhali waɗancan su ne abin da babu irinsa a gidan maƙwabci, kuma sayen sababbinsu yana rayar da sana'ar ɗan'uwa. Amma ko su ma a yi su da ƙima. Shari'a ta yi hani ga israfi, kuma gasar kayan ɗaki da take sa uba ya sayar da gona, uwa ta ci bashin da za ta shekara tana biya, don kada a ce ɗakin 'yarsu bai cika ba, israfi ce ko da an kira ta al'ada. Wanda ya san asalin gidansa da launukansa uku yana iya sayen kayansa sannu a hankali, bana gado, baɗi kujeru, kuma duk abin da ya shigo zai tarar da wurinsa yana jiransa.

Aikin wannan mako

Kafin mu sake haɗuwa, kowane ɗalibi da kowace ɗaliba su ari tef, su auna ɗakin da suke kwana, su zana shi a takarda da ƙofarsa da tagarsa da inda alƙibla take, su rubuta girman kowane babban kaya da ke ciki, su ɗebe su ga ƙafa nawa ta rage ta wucewa. Bayan haka ku tsaya a tsakar gida ko a bakin ƙofar falo, ku ƙirga launukan da idonku yake gani daga nan, ku rubuta su, ku ja layi a ƙarƙashin ukun da kuke so su zauna. Maigida ya nuna wa uwargida takardarsa, ita ma ta nuna masa tata, wanda kuma yake da 'ya da aka sa wa rana ya nemi awon ɗakinta tun yanzu. Kada kowa ya sayi komai a wannan mako. Ku zo da takardunku ranar darasi na gaba, za mu duba su ɗaya bayan ɗaya, in Allah ya yarda.